Ingarman kawuna ba ya yarda hannu ya kusanci kansa: yaya ake samun amincewar doki ba da bulala ba?

Ɗan Aboabo ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu harkar dawaki. Ina neman shawara a kan wani doki da aka damƙa mini kulawarsa, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina, domin ina so wanda zai ba ni amsa ya san yadda al'amarin yake tun daga tushe.

Wata biyu da suka wuce kawuna ya sayo ingarma daga Bawku, jan doki mai fari a goshi, wanda mai sayarwa ya ce shekarunsa huɗu zuwa biyar. An kawo shi Kumasi a motar shanu, ya kwana a hanya yana tsaye tsakanin bijimai, kuma da aka zo sauke shi sai da ƙarti huɗu suka ja igiya, wani yana zuba masa bulala ta baya, kafin ya taka ƙasa. Tun daga ranar yana ɗaure a turke a bayan gidanmu. Ni ne mai ba shi harawa da dusa, ni ne mai share masa wuri, kuma ni ne kawu yake so in hau shi ranar Babbar Sallah idan za a raka Sarkin Zango, wato saura wata huɗu ke nan.

Idan na kawo abinci yakan tsaya lafiya, har yakan yi mini ƙaramar haniniya. Amma da zarar na ɗaga hannu zuwa goshinsa ko kunnuwansa sai ya cilla kai sama, ya ja da baya har igiya ta miƙe, idanunsa su yi fari. Sa masa linzami kuwa yaƙi ne, sai mun zama mu biyu, ɗaya ya murɗe masa kunne. Sau uku na fita da shi kilisa, sau biyu ya yi tabarya da ni, wato ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, saboda aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta wuce da ƙara kusa da mu. Ba zan ɓoye laifina ba: wata safiya da ya ƙi linzami, raina ya ɓaci, na tsula masa bakin igiya a fuska. Tun daga ranar, idan ya ji tafiyata sai ya juya mini baya, ya kwantar da kunnuwa.

Na ga wasu bidiyoyi a YouTube inda Turawa suke shiga wani zagayayyen shinge da doki mai gardama, kafin a yi rabin sa'a sai ka ga dokin yana bin mutumin a baya, ba igiya ba linzami, kamar ɗan akuya da uwarsa. Suna cewa horo ne na bin ɗabi'ar doki. Abin da nake son sani shi ne, wannan abu gaskiya ne ko dabarar masu ɗaukar hoto ce? Idan gaskiya ne, daga ina mutum irina zai fara, alhali ba ni da shinge, sai turke da ɗan filin bayan gida? Sannan dokin da na riga na mara a fuska, zai sake yarda da ni kuwa?

Tsohon Barga ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka faɗi laifinka da bakinka, domin yawancin masu kawo ƙarar doki sukan fara ne da cewa dokin mugu ne.

Ka ajiye linzamin nan tukuna, ka rataye shi a ɗaki, kada ma ya gan shi har mako uku. Ina saurayi an kai ni Tamale wurin wani dattijo mai kula da dawakin wani attajiri, kuma aikin farko da ya ba ni a kan sabon doki shi ne in kifa kwano in zauna a kai, nesa da turke kamar taki biyar, ina yayyanka ciyawa, ban da kallonsa ido cikin ido, ban da taɓa shi. Kwana shida na yi a haka, ina jin haushi, ina ganin an mai da ni maras amfani. A rana ta shida ina sunkuye sai na ji hucin hanci a ƙeyata. Dokin ne ya zo iyakar igiyarsa yana sansana hulata. Dattijon yana kallo daga inuwa, bai ce komai ba, sai da yamma ya ce mini gobe zan iya kai hannu, amma a kafaɗa.

Ka tuna doki dabba ce da ake farauta a daji, kuma duk abin da ya tunkaro shi kai tsaye ta gaba, ya kafa masa idanu, ya ɗaga hannu sama, to siffar mai cin nama ke nan a wurinsa. Saboda haka ka riƙa zuwa masa ta gefen kafaɗa, jikinka a ɗan karkace, kana magana ƙasa-ƙasa don ya san inda kake. Ka sosa masa wurin da geza ta ƙare, a doron kafaɗa, domin nan ne dawaki suke sosa wa junansu da haƙora. Idan ya saba da wannan, sai ka riƙa hawa da hannunka a kan wuya kaɗan-kaɗan. Ga wurin da mutane suke kuskure, kuma ina so ka karanta shi sau biyu. Idan hannunka ya kai inda ya fara ɗaga kai, kada ka bi shi sama, kuma kada ka janye. Ka bar hannun a inda yake, ka jira. Da zarar ya sauke kan, ko da faɗin yatsa biyu ne, a wannan lokacin ka ɗauke hannunka, ka ja da baya taki ɗaya. Idan ka janye yana cikin fizga, ka koya masa cewa fizga ce take korar hannu. Idan ka janye bayan ya sauke kai, ka koya masa cewa natsuwa ce take korarsa. Duk horon doki a nan yake, sauran rassa ne.

Haka nan za ka yi da ragama. Ka ja igiya a hankali, gwargwadon ƙarfin da za ka ja zaren ɗinki ba tare da ya tsinke ba, ka riƙe a haka. Idan ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gare ka, ka saki nan take. Gaba, baya, dama, hagu, duk da wannan ƙa'ida, kuma abin da ka yi ta hagunsa ka maimaita ta damansa, tun da mun saba komai ta hagu muke yi musu, har dama ta zama baƙuwa. Kwata na sa'a bayan sallar Asuba da kwata bayan La'asar sun fi sa'a biyu a rana ɗaya. Idan ka ga ya sauke numfashi mai tsawo, yana motsa baki kamar mai tauna, ya lanƙwasa ƙafar baya ɗaya ya huta a kanta, to ka tsaya a nan, ka tafi abinka, ko da kana ganin da sauran lokaci.

Ingarma mai shekara biyar da yake wuni ya kwana a turke dole ya tara ƙarfi da haushi. Ka riƙa jan sa da ƙafa kana zagayawa da shi da sassafe, kafin motoci su yi yawa, ka bar shi ya ci ciyawa a talala.

Game da linzamin gargajiya mai zobe, wanda ƙarfensa yake dannan ganɗa kuma zoben ya kewaye haɓa, ni ban ce a jefar da shi ba. Da shi kakanninmu suka yi sukuwa da zamiya, kuma a hannun gwani yatsa ɗaya ya isa. Amma ni kaina na taɓa ɓata bakin wani doki kili da shi, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, don kawai in yi zamiya a gaban taro a yi mini guɗa. Da na sauka na ga kumfar bakinsa ta yi ja. Dokin nan har aka sayar da shi bai sake buɗe mini baki don linzami da son ransa ba. Maganar ko naka zai yafe maka mari ɗaya, ina sa ran zai yafe, in dai ba ka ƙara ba. Wanda maciji ya sara in ya ga igiya sai ya gudu, amma ai mutane suna komawa gona.

Yayarku ta Asawase ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa haka yake. Ina so in sa abu ɗaya a gabansa ne kawai, a matsayina na wadda ta yi karatun lafiyar dabbobi a Pong-Tamale, ta kuma yi shekaru tana duba dabbobin mutane. Ƙanena, kafin ka fara kowane horo, a duba jikin dokin nan, domin babu lallashin da zai sa dabba ta amince da hannun da yake taɓa mata wurin ciwo.

A fara da kunnuwa. Dokin da ya kwana cikin shanu yana iya kwaso kaska, kuma cikin kunne da gindin geza da ƙarƙashin wutsiya su ne maɓoyarta. Ga shi kuma kuna murɗa wannan kunnen duk lokacin sa linzami. Ku daina wannan daga yau. Sai baki. Tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar doki yana zubar da haƙoran nono yana fitar da na girma, kuma namiji yana fitar da fiƙa wajen shekara huɗu zuwa biyar, wato daidai shekarun naka. Bayan haka, turamen haƙoran doki suna ci gaba da fitowa suna gogar juna shekara da shekaru, har gefensu ya yi kaifi ya riƙa yankar kumatu ko harshe. Wasu kuma suna da wani ɗan ƙaramin haƙori a gaban turame, daidai inda ƙarfen linzami yake bugawa. Ka duba ƙasa bayan ya ci abinci: idan ka ga dunƙulen harawa da ya tauna ya zubar, alama ce. Likitan dabbobi yana goge kaifin da magogi na musamman, aikin bai kai sa'a ɗaya ba. Akwai ofishin likitocin dabbobi na gwamnati a nan Kumasi, akwai kuma makarantar likitan dabbobi a jami'ar KNUST. Sannan ka bi bayansa da tafin hannu, ka danna a hankali inda sirdi yake zama, ka ga ko zai lotsa baya, ka kuma duba ko zubka, wato matashin da ke ƙarƙashin sirdi, ta taurare, ko majayi, wato ɗamarar da ake ɗaure sirdi da ita, ya ci masa fata.

Abu na biyu shi ne ƙasar da aka kawo shi. Tun zamanin fataken goro an san dawakin da ake kawowa daga arewa ta Salaga ba su daɗewa a kurmin Asante, saboda tsando da cutar sammore da yake ɗauke da ita. Cikin gari da sauƙi, amma idan kana kai shi kiwo bakin rafi ko cikin duhuwa, ka sa ido. Zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, rama duk da yana ci, kumburin ƙafafu ko ƙasan ciki, da fatar cikin ido da ta koɗe, duk dalilai ne na kiran likita. Zafin jikin doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5, zuciyarsa kuma tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa. Ka sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada. A yi masa allurar rigakafin sandarewar jiki ma, domin dawaki suna da saurin kamuwa da ita ta ƙaramin rauni.

Na uku, ciki. Tumbin doki ƙarami ne, kuma yana zubo ruwan narkar da abinci dare da rana, ko da abinci ko babu, domin an halicce shi ya yi kiwo kamar sa'a 16 a yini. Dokin da ake cika wa dusa da gero sau biyu a rana, sannan ya wuni baki a bushe, yakan samu gyambon ciki, kuma irinsa yakan yi fushi idan an ɗaure masa majayi. Ka rage hatsi, ka yawaita ciyawa da harawa, ruwa kuma kada ya yanke, don yana iya shan lita 30 ko fiye a ranar zafi.

Ƙarin haske a kan abin da Baba ya ce na zuwa ta kafaɗa: idanun doki suna gefen kai, yana ganin kusan duk kewayensa, amma ba ya ganin abin da yake daf da goshinsa da ƙasan hancinsa, da abin da yake daidai bayan wutsiyarsa. Hannun da ka miƙa wa goshinsa yana ɓace masa ne kafin ya ji saukarsa. Fuskarka ma yana karantawa. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Sussex ta Ingila sun nuna wa dawaki 28 hotunan fuskokin mutane, masu fara'a da masu fushi, suka ga bugun zuciyarsu yana saurin tashi idan fuskar mai fushi ce. Ranar da ka tashi da ɓacin rai, ka ba shi abinci kawai ka tafi.

Mahayin Nima ya amsa:

Gaisuwa daga Ankara. Ina gaida Baba, ina gaida Yaya. Na yi shekaru ina jan dawaki a bakin teku a Labadi, inda kowane irin mutum yake hawa, da wanda ya iya da wanda bai taɓa ganin sirdi ba, saboda haka zan taɓa ɓangaren bidiyon da ɗan'uwa ya tambaya, wanda ba a amsa ba.

Abin da ka gani ba ƙarya ba ne, amma ba a nuna maka duka. Wannan salo ya yi suna ne daga yammacin Amurka, ta hannun makiyaya irin su Tom Dorrance da yayansa Bill, da Ray Hunt wanda ya yaɗa shi gari-gari, kuma koyarwarsu ita ce a sauƙaƙa wa doki abin da ake so ya yi, a wahalar masa da wanda ba a so. Wanda ya fi shahara da zagayayyen shinge shi ne Monty Roberts, wanda Sarauniya Elizabeth ta biyu ta gayyata fadar Windsor a 1989 ya nuna aikinsa. Yadda ake yi shi ne a kora dokin ya yi ta zagaye, idan ya nuna alamar yana son tsayawa sai mutum ya juya masa kafaɗa ya daina korar, dokin kuma ya matso. Masu abin suna cewa dokin ya ɗauke ka shugaban garke ne. To, a 2012 wasu masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostireliya sun gwada wannan da ƙaramar motar wasan yara mai aiki da rimot: motar tana bin doki, idan ya juyo gare ta sai ta tsaya, kuma aka samu dawakin da suka koyi matsowa kusa da ita. Babu mai cewa doki ya ɗauki motar roba a matsayin uwarsa. Abin da ya koya shi ne inda ake samun sauƙi, wato maganar Baba ta ɗauke hannu a kan lokaci. A ganina wannan albishir ne gare ka, domin yana nufin ba ka bukatar shinge, ba ka bukatar wata baiwa ta musamman. Ina ma ba ka shawara kada ka gwada korar ingarman da ya riga ya tsorata a cikin matsattsen fili, don wanda aka rufe wa hanyar gudu yakan juyo da haƙora da kofato.

Inda nake so in ja hankalinka shi ne, samari da yawa suna jin kalmar lallashi sai su ɗauka shagwaɓa ce. Su riƙa ba doki rake da burodi a tafin hannu, su bar shi yana goga musu kai a ƙirji, yana ture su da kafaɗa, bayan wata biyu ya fara cizo su ce ya ci amana. Doki yana natsuwa ne da mutumin da ya san abin da zai fito daga gare shi: abin da aka hana jiya an hana yau, abin da aka yarda jiya an yarda yau. Idan ya shigo maka jiki ba ka kira shi ba, ka mai da shi baya taki biyu da ragama, ba tsawa ba duka, kuma ka yi haka kowace rana, kai da duk wanda yake taɓa shi a gidan.

Maganar aboboya kuwa, wani Bagirke mai suna Zenofon ya rubuta tun kusan shekara 2,400 da suka wuce cewa idan doki ya tsorata da wani abu, mahayi ya taɓa abin da kansa, ya kai dokin a hankali, domin wanda ya doke shi a wannan hali ya sa dokin ya ɗauka abin da yake tsoro ne ya jawo masa zafin. Ka nemi mai aboboya a unguwa, ya ajiye ta a kashe, ka zagaya da dokin nesa da ita, kana rage tazarar kullum, har ya sansana ta. Daga nan a tayar da inji tana tsaye. Daga nan, kuma wannan ya fi komai aiki a wurina, a tuƙa ta a hankali tana yin gaba, kai da dokin kuna bin ta a baya. Abin da yake gudu daga gare shi ba ya ba shi tsoro kamar abin da yake tunkaro shi. Haka muke yi da babura da masu ganga a bakin teku.

Baba, ku gafarce ni, a kan linzami mai zobe ina da ja. Kun ce a hannun gwani yatsa ɗaya ya isa, kuma gaskiya ne, amma wannan yaro ba gwani ba ne tukuna, kuma wanda doki ya yi tabarya da shi, abin da zai fara cafka da ƙarfi shi ne kamazuru, wato igiyar linzami. Da wancan ƙarfen a baki, hakan yana iya kifar da dokin ta baya a kansa. Ya nemi linzami maras harshe, mai gaɓa a tsakiya, ya kuma sa hular kwano ko da abokai za su yi masa dariya.

Malamin Sawaba ya amsa:

Ni ba mahayi ba ne, amma tun da an ambaci marin fuska, ya kamata a tuna cewa ya zo a cikin Sahihu Muslim, daga Jabir, cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. A cikin littafin dai an ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta hau wani raƙumi mai gardama tana ta fizgarsa, sai Annabi ya umarce ta da tausasawa, ya ce tausasawa ba ta shiga wani abu face ta ƙawata shi, ba a kuma cire ta daga wani abu face ya munana. Ɗana, ka yi istigfari a kan abin da ya wuce, ka kuma faɗa wa mai taya ka murɗe kunnen nan cewa shi ma yana da nasa kason.

Ɗan Aboabo ya sake rubutawa:

Assalamu alaikum. Baba, Yaya, Yaya na Nima, Malam, Allah ya saka muku da alheri. Yau kwana 23 da na fara bin shawarwarinku, na ga ya dace in kawo rahoto.

Yaya, maganarki ta fito. Likita ya zo, ya yi masa allurar kwantar da jiki kafin ya iya duba shi, ya ciro kaska biyar daga kunnen hagu, wanda muke murɗawa, ya kuma haska mini cikin bakinsa da tocila na ga wani dogon miki a kumatu, daidai inda gefen haƙori yake gogawa. Ya goge haƙoran, ya ce a bar bakin ya huta. Da na ga mikin nan kunya ta kama ni, na tuna yadda muke tura masa ƙarfe a kai.

Na kifa bokiti na zauna kamar yadda Baba ya yi. Nawa bai zo ya sansana ni ba, sai dai a rana ta huɗu ya daina juya mini baya. A rana ta tara hannuna ya kai tsakiyar wuyansa. A rana ta goma sha biyar na ɗora tafina a bayan kunnuwansa, ya ɗaga kai, na tsaya cak ina ƙirga numfashina, kafaɗata har ta fara zafi, sai na ji wuyan ya saki a ƙarƙashin hannuna kamar igiyar da aka kwance, kan ya sauko har daidai ƙirjina. Na ɗauke hannu na ja da baya, ƙafafuna suna rawa.

Na yi kuskure ɗaya. Washegari murna ta ɗebe ni na ɗauko linzami, da ya ji ƙarar ƙarfen sai ya koma gidan jiya, kwana uku ban sake kai hannu kunnensa ba. Yanzu na mai da linzamin ɗaki. Aboboyar mai kawo mana ruwan leda kuma, ya sansana ta tana kashe, amma idan an tayar da inji yana ja da baya taki uku ko huɗu, sai dai ba ya tabarya.

Damuwata yanzu kawu ne. Ya ce kuɗi ya zuba ya sayi dokin hawa, ga shi na mai da shi abokin hira, kuma ya fara maganar kiran wani mutum da ya ce zai karya masa gardama cikin kwana biyu. Ba na iya musu da shi, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami. Baba, yaya zan yi?

Tsohon Barga ya amsa:

Kada ka yi musu da kawunka, ɗana, dokinsa ne, kuma yana da hakkin ya ga amfanin kuɗinsa. Gobe bayan Asuba ka roƙe shi ya fito bayan gida ya tsaya daga nesa, ka ɗora hannunka a bayan kunnuwan nan a gabansa, sannan ka tuna masa mutum nawa ake bukata a da kafin a taɓa wurin. Kada ka yi masa alkawarin hawan Sallah. Ka ce masa idan saura mako uku dokin yana karɓar linzami da kansa, yana kuma tsayawa ana buga ganga kusa da shi, za ka hau. Idan bai kai ba, za ka ja shi da ƙafa cikin ado a bayan tawaga, wannan ma fita ce.

Ranar Juma'a in Allah ya kai mu ina Babban Masallaci. Idan an sauko ka same ni a ƙofar gabas mu tafi tare in gaisa da kawun naka, tun da mu tsofaffi mun fi jin maganar juna. Ka fito mini da linzamin da zubkar in gani, kuma kada ka ba dokin hatsi da safen nan, ciyawa kawai.